Hoton Malama Asma'u a Takardar Talla

Daga bakin wata ɗalibarta ne Asma'u ta fara jin cewa ta zama wakiliyar kamfanin tafiye-tafiye. Ranar Asabar ce, an tashi daga Islamiyyar matan aure da take koyarwa a Bebeji, tana haɗa littattafanta, sai Barakatu ta tsaya a gabanta ta rusuna. Barakatu Bafulatana ce daga wata ruga ta wajen Doguwa, aure ya kawo ta Bebeji, kuma ba ta cika magana a aji ba.

"Malama, Baffana Hamman ya ce in miƙa miki godiya. Ya ce tunda ke ce a ciki hankalinsa ya kwanta."

"A cikin me?"

"Maganar Umararsu, shi da Inna. Har ya sayar da sa ɗaya ya ba wa yayanki kuɗin da fasfo ɗinsu. Ɗayan san kuma ran kasuwa mai zuwa za a kai."

Asma'u ta ajiye littattafan. Barakatu ta ga kamar ba a fahimce ta ba, sai ta zaro wata takarda daga cikin jakarta, mai sheƙi, an ninke ta huɗu. A sama hoton jirgin sama ne da hoton Ka'aba, da sunan kamfani, Gajimare. A tsakiya kuwa fuskar Asma'u ce cikin farin hijabi, hoton da aka ɗauke ta ranar da ta gama kwalejin horon malamai. A ƙarƙashinsa an rubuta: Malama Asma'u Shitu, Wakiliyarmu ta Kano ta Kudu. Lambar wayar da ke ƙasa ba tata ba ce, ta yayanta Sadiq ce.

Sai da ta karanta sau uku.

"A ina kika samu wannan?"

"A Tudun Wada ake rabawa, Malama. Har a Doguwa an manna a bakin tasha."

"Kira Baffanki yau ɗin nan. Ki ce na ce kada ya taɓa san nan na biyu sai ya ji daga bakina."

Barakatu ta zaro ido. "Lafiya, Malama?"

"Ban sani ba tukuna. Ki dai gaya masa."

Asma'u ta san maganar Gajimare, amma a matsayin maganar da ba a gama ba. Mako biyu da suka wuce Sadiq ya zo gidanta da yamma, ya zauna a tabarma, ya ƙi taɓa abincin da ta kawo saboda zumuɗi. Ya ce ya samo mata aikin da ya dace da ita. Ba sai ta fita ba, daga ɗakinta, da wayarta kawai. Za ta yi rajista, a buɗe mata shafi, ta riƙa sayar da tikitin jirgi da biza da kujerar Umara. In ta kawo mutum uku su ma suka yi rajista, ta hau matakin azurfa. In kowannensu ya kawo uku, ta hau matakin zinariya, a kai ta Dubai kyauta. Ta saurare shi har ya gama, don gaskiya abin ya shiga ranta. Alawus ɗin Islamiyya ba ya zuwa ko'ina, kuma ta daɗe tana neman sana'ar da za ta yi a gida. Amma abin da ta ce masa shi ne, "Yaya, bari in yi tunani, in kuma yi shawara da maigidana." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Ba ta ma tsaya cin abinci ba. Ta kira mijinta Balarabe, wanda ke sarin kifi a Bagauda yana kaiwa Kano, ta gaya masa za ta je wajen Yaya Sadiq, ta hau mota zuwa Kwanar Ɗangora, inda Sadiq ke da shagon cajin waya da cire kuɗi.

Ta tarar da shi da mutum biyu a kan benci. Ta gaishe su, ta jira suka tashi, sannan ta shimfiɗa takardar a kan kantarsa.

"Yaya, mene ne wannan?"

Sadiq ya yi dariya. "Au, kin gani? Ai da so na yi in ba ki mamaki. Kin ga yadda kika yi kyau?"

"Wa ya ba ka hotona?"

"A ɗakin Umma na ɗauka, a jikin bango. Mene ne a ciki? Ba ƙanwata ba ce ke?"

"Na ce maka na shiga?"

"Ai na yi miki rajistar da kuɗina. Ko kwabo ba ki biya ba. Wata ƙanwar godiya za ta yi."

"Na ce maka na shiga?" Muryarta ta ɗaga har mai shayin da ke gefe ya juyo. "Cewa na yi zan yi tunani. Ka ɗauki fuskata, matar aure, ka manna a tasha, direbobi da 'yan kamasho na kallo, ba ka tambaye ni ba, ba ka tambayi mijina ba. Sannan kana karɓar kuɗin mutane da sunana!"

"Rage murya, Asma'u. Ni yayanki ne."

"Da ka tuna haka kafin ka ɗauki hoton."

Sadiq ya ɓata fuska. Ya ce ita ba ta san kasuwanci ba. Ya ce Oga Jibrin, babban manajan kamfanin, shi ya ba da shawarar a nemi wanda mutane suka yarda da shi a sa a gaba, kuma duk kudancin Kano akwai wadda mata suka yarda da ita kamarta? Ɗalibanta sun yi aure a Kiru, a Tudun Wada, har Doguwa. Ya jawo durowa ya fito da wata takarda da aka lulluɓe da leda, mai tambari ja. "Ga satifiket ɗin rajistar kamfani. Ga lamba. Ga adireshinsu a Kano. Kin ga ɓarawo na ba da adireshi?"

"Ka taɓa zuwa wurin?"

"Me zai kai ni? Aikin na waya ne. Shi ne ma daɗinsa."

"Ka taɓa ganin Oga Jibrin ɗin ido da ido?"

"Kullum muna magana a guruf ɗinmu na waya."

"Tunda ka shiga, tikiti nawa ka sayar? Wa ka sani da ya hau jirgi ta hannunsu?"

Sadiq ya ce ai sabon shiga ne shi, sai an hau mataki ake buɗe wa mutum ɓangaren tikiti. Asma'u ta ce ya kira mata Oga Jibrin yanzu, ya sa a lasifika. Ya yi ta kame-kame, amma ta ja kujera ta zauna, ta ce ba inda za ta. Dole ya kira.

Muryar da ta fito mai taushi ce, da sallama cikakkiya da addu'o'i. Da ya ji wadda ke magana, sai ya ƙara da kirari. "Malamarmu! Uwar ɗakinmu ta kudu! Ai mun daɗe muna jiran ki."

"Na gode," in ji Asma'u. "Tambaya gare ni. Ina son tikiti ɗaya daga Kano zuwa Abuja, na jibi. Zan biya yanzu. Ka yanka mini in gani."

"Wannan ai ƙaramin abu ne, Malama. Amma ke yanzu ba wannan ne a gabanki ba. Ki fara haɗa mutanenki uku."

"In ban kawo kowa ba fa, na tsaya sayar da tikiti kawai, me zan samu?"

"To, tsarin ba haka yake tafiya ba."

"Yaya yake tafiya? Da wane kamfanin jirgi kuke aiki? Wane masauki kuke sauke mutane a Makka? Ba ni sunan mutum ɗaya da kuka kai Umara bara, da lambarsa, in kira shi."

Taushin muryar ya fara raguwa. Ya ce waɗannan sirrin kamfani ne. Ya ce masu yawan tambaya su ne ake wucewa a bar su a baya, kuma rangwamen da ake yi zai rufe ran Juma'a. Ya ce ya yi mamakin mace mai ilimin addini tana munana wa Musulmi zato.

"Kada ka kawo mini addini a nan," in ji Asma'u. "Ku cire hotona daga takardunku yau."

Layin ya katse. Sadiq ya fizge wayar yana huci. "Kin ga abin da kika yi? Kin zubar mini da mutunci a wajen oga!"

"Ina fasfo ɗin Baffa Hamman da na matarsa?"

"Suna nan. Ran Juma'a za a aiko a karɓa."

"Kuɗin fa?"

Ya kau da kai. "Na tura."

Ta miƙa hannu. Ya ce ba zai ba ta ba, amana ce aka ba shi. Ta ce da sunanta aka karɓa, kuma in bai ba ta ba, daga nan garinsu Badafi za ta wuce ta kai maganar gaban Umma da Kawu. Ya buɗe durowa ya jefa mata fasfo biyu a kan kantar shagon. Ta ɗauki hoton satifiket ɗin da wayarta, ta fita ba sallama.

Balarabe mutum ne mai sanyi, amma da ya ga takardar sai da ya tashi tsaye. Ya ce zai je ya samu Sadiq. Asma'u ta ce a'a, fushi ba zai gaya musu ko kamfanin na gaskiya ne ba. Ta ce abin da ya fi damunta shi ne har yanzu ba ta da hujja a hannu. Mutum na iya zama marar kunya a waya kuma kamfaninsa ya zama na gaske. In ta tashi a gaban mata ta ce damfara ce, alhali ba ita ba ce, ta yi ƙazafi, ta kuma hana tsoho da tsohuwa ziyarar da suka daɗe suna buri. Tana so ta gani da idonta.

Ran Litinin da asuba ta shiga gaban motar da ke kai wa Balarabe kifi Kano. Bayan ya sauke kaya, suka hau adaidaita suka nemi adireshin. Wani bene ne mai shaguna, sama da ƙasa. Lamba ta goma sha huɗu, wadda aka rubuta a takardar, shagon tela ce, kekuna uku, da yadudduka rataye. Maigidan shagon ya ɗago daga kan keke, ya dubi takardar, ya yi tsaki.

"Ku ne na biyar a watan nan. Shekarata tara a nan, ban taɓa sayar da tikitin ko da mota ba. Wata tsohuwa daga Gaya har kuka ta yi mini a kan bencin nan." Ya sake duban takardar, ya dubi Asma'u. "Ke, ba ke ce wannan ba?"

Kunya ta rufe ta, ta ji kamar ta nutse. "Ni ce. Ban san an sa ba."

"To, Hajiya, ki yi sauri ki wanke kanki. Ranar da abin ya fashe, fuskar da suka sani za su nema."

Daga nan Balarabe ya ce akwai wata Hajiya Tani da ke sayen kifi wajensa duk mako, kuma ita ofishin tafiye-tafiye gare ta na gaske. Suka je. Ofis ne ɗan ƙarami, tebur biyu, kwamfuta, da wani dattijo a zaune yana jiran a gyara masa ranar tafiya. Hajiya Tani ta saurari labarin tana girgiza kai, ba ta katse Asma'u ba har ta gama.

"'Yata, shekarata ashirin a wannan sana'a," in ji ta. "Ana yin ta daga gida, ba ƙarya ba ne. Ina da mata biyu da ke kawo mini matafiya daga ɗakinsu, ɗaya a Rano ɗaya a Wudil. Amma ban taɓa karɓar ko sisi daga hannunsu don su yi mini aiki ba. Mutum ya tafi, in ba su kasonsu. Ba wanda ya tafi, ba kaso. Duk wanda ya ce miki ribar tana cikin kawo mutane su yi rajista, ba tafiya yake sayarwa ba, mutanen yake ci."

Ta nuna mata lasisinta da ke rataye a bango, ta ce masu kai mutane Hajji da Umara sai da izinin hukuma, kuma sunayensu a buɗe suke, kowa na iya dubawa. Ta duba, babu Gajimare. Sannan ta karɓi wayar Asma'u, ta kwafi lambar da ke kan satifiket ɗin ta shigar a shafin hukumar rajistar kamfanoni. Ta jira kaɗan, sai ta juyo musu da kwamfutar.

Lambar ta gaske ce, amma ta wani kamfanin ruwan leda ce, a wata jiha daban.

Asma'u ta daɗe tana kallon rubutun. Ta yi zaton in ta samu hujja ranta zai yi sanyi, sai ta ji ya ƙara ɓaci. Ta tuna Barakatu da ta rusuna tana godiya. Ta roƙi Hajiya Tani ta buga mata shafin a takarda. Hajiya ta buga, ta kuma ba ta shawara ta kai rahoto wajen 'yan sanda da kanta, kafin wani ya kai ƙararta.

Washegari Talata, kafin a fara karatu, Asma'u ta tsaya a gaban aji. Mata sun fi arba'in, wasu da goyo. Ta ɗaga takardar tallar da hannu ɗaya, takardar Hajiya Tani da ɗaya hannun. Ta faɗi komai, ba ta ɓoye sunan yayanta ba. Ta ce ba ta da hannu a Gajimare, ba ta taɓa yarda a sa hotonta ba, adireshinsu shagon tela ne, lambarsu ta masu ruwan leda ce. Ta ce kowace ta kira danginta na ƙauye yau ta gaya musu.

Ajin ya kaure da salati. Sai wata mai suna Fa'iza ta miƙe daga baya, idonta ja. "Malama, ni ɗan kunnena na zinariya na sayar na yi rajista. Don na ga hotonki na yi. Yanzu kina cewa ba ruwanki?"

"Me ya sa ba ki tambaye ni ba? Kullum muna tare a nan."

"An ce kada mu yi maganar a makaranta, wai ba kya son haɗa karatu da kasuwanci!"

Har wannan ma sun tsara. Asma'u ta ce wa Fa'iza ba za ta yi mata alkawarin abin da ba ta da iko a kai ba, amma ta biyo ta ofishin 'yan sanda bayan an tashi, da ita da duk wadda ta biya. Mata shida suka bi ta. Fa'iza ta tafi tare da su, amma duk hanya ba ta ce mata uffan ba.

Laraba da safe Sadiq ya zo gidan da kansa. Bai shigo da fara'ar da ya saba ba. Ya tsaya a tsakar gida yana juya hula a hannu. Ya ce tun daren jiya an cire shi daga guruf, lambar Oga Jibrin ba ta shiga, shafin ma ba ya buɗuwa. Ya ce shi ma an cuce shi, jarin shagonsa ya zuba a ciki.

"Ke kika jawo," ya ƙara da cewa, murya ƙasa-ƙasa. "Da ba ki tsorata su ba, da watakila sun biya."

Asma'u na tankaɗe a lokacin. Ta ajiye rariyar a hankali ta miƙe.

"Maimaita, Yaya."

Bai maimaita ba.

"An cuce ka, na yarda. Amma kai ma ka ji a jikinka abin ba daidai yake ba. Da ka yarda da su har zuciyarka, da hotonka ka sa. Ka san mutane ba za su ba ka kuɗin shanunsu don fuskarka ba, shi ya sa ka ɗauki tawa. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, ban taɓa cin kwabon ɗaliba ba. Mutuncin nan shi ne abin da na mallaka a duniya, ba ni da gona ba ni da shago, kuma shi ka ɗauka ka ba wa mutumin da ko fuskarsa ba ka taɓa gani ba."

Balarabe ya fito daga ɗaki ya tsaya a bakin ƙofa.

"To yanzu me kike so in yi?" in ji Sadiq.

"Doguwa za mu. Kai za ka gaya wa Baffa Hamman da bakinka. Ni ba zan ɗauki wannan nauyin ba."

Ya ce a bari sai an kwana biyu. Ta ce yau. Ta shiga ta saka hijabi, ta ɗauko fasfo ɗin biyu, ta aika aka kira Barakatu don ta nuna musu hanya.

Tafiya ce mai nisa. A Tudun Wada, yayin da motar ke jiran fasinja, Asma'u ta hango fuskarta a jikin bangon tasha, kusa da tallar maganin basir. Ta sauka ta yage ta. Ta ga wata a jikin turken wuta, ta yage. Wani ɗan kamasho ya ce, "Hajiya, lafiya?" Ta ce masa duk inda ya ga irinta ya yaga, ta ɓarayi ce. Sadiq yana cikin mota ya sunkuyar da kai. Daga Doguwa suka hau babura suka bi hanyar daji, ta cikin gonakin masara, har suka iso rugar da ke gindin wani dutse.

Hamman dogon dattijo ne siriri, da farin gemu. Ya tarbe su da murna, ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗorawa, matarsa ta kawo fura da nono a ƙwarya. Sai da aka gama gaisuwa, aka tambayi shanu da damina da mutanen gida, sannan Asma'u ta ajiye fasfo ɗin a gabansa, ta dubi yayanta.

Sadiq ya fara da kewaye-kewaye, wai an samu 'yar matsala a kamfani. Asma'u ta ce, "Yaya." Sai ya faɗi gaskiya. Ya ce babu kamfani, babu kujera, kuɗin ya tafi, kuma ƙanwarsa ba ta san komai ba, shi ya sa hotonta ba da saninta ba.

Hamman ya ɗauki fasfo ɗin matarsa ya buɗe, ya dubi hoton, ya rufe. Matar da ke tsaye a bayansa ta juya ta shige bukka. Barakatu ta bi ta.

"San nan," in ji shi daga ƙarshe, "a hannuna aka haife shi. Shekara shida ina kiwonsa don wannan tafiya." Ya dubi Sadiq. "Ranar da ka zo, na tambaye ka ko Malama ta sani. Ka ce ita ta aiko ka. A kan tabarmar nan ka faɗa, ka sha furata."

Sadiq ya fara ba da haƙuri. Hamman ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

"Ba haƙuri na tambaye ka ba. Gobe zan je wajen Arɗo, mu tafi wajen mai gari. Can za ka faɗi yadda za ka yi. In ba ka zo ba, na san shagonka." Ya juya ga Asma'u. "Malama, ke kuma na gode da saƙon da kika aiko. Da ɗayan ma ya tafi. Amma zan gaya miki gaskiya, akwai gida uku a nan da suka biya saboda ni na ce musu ke ce. Yanzu da wane ido zan dube su?"

"Ka kai ni wajensu, Baffa," in ji Asma'u. "Shi ma ya taso."

Haka suka yini suna bin gidajen, Hamman a gaba da sandarsa, Sadiq a baya. A gida na biyu wata mata ta zage su duka, har da Asma'u, kuma Asma'u ta tsaya ta ji zagin har ƙarshe, ba ta rama ba.

Ba a kama Jibrin ba. 'Yan sanda sun ce asusun da aka tura kuɗin an kwashe shi, kuma da sunan wani aka buɗe. A gaban mai gari, Sadiq ya yarda ya sayar da babur ɗinsa da injin janaretan shago, aka raba wa waɗanda ya karɓa daga hannunsu, ko rabin abin da suka rasa bai kai ba. Umma ta kira Asma'u Badafi ta yi mata faɗa, ta ce ta tona asirin ɗan'uwanta a bainar jama'a, da sai a kashe maganar a cikin gida. Asma'u ta ce, "Umma, a tasha ya manna ni, ba a cikin gida ba." Umma ta yi wata guda ba ta ɗaga wayar Asma'u.

Islamiyyar ta ragu da mata tara, ciki har da Fa'iza. Wasu mazan ne suka hana matansu zuwa. Da ƙaramar salla Sadiq ya aiko da shinkafa da kaji biyu ta hannun direba. Balarabe ya tambaye ta ko a mayar. Ta ce a karɓa a dafa wa yara, amma kada Sadiq ya sa ran za ta kira shi.